Filogin da Mama ta Zare

Ranar da labarin ya iso, Mama na tsaye tana gugar rigar 'yarta Auta. Maƙwabcinsu tela ne ya yi sallama, ya kasa haɗa ido da ita. Mota ce ta buge Auta, in ji shi, a bakin babban titi. Auta ko shurawa ba ta yi ba.

Da hantsin ranar suka yi faɗa. Kwana huɗu Auta tana fama da tsohuwar kwamfutarta mai mataccen batir, tana son gina wani harshe da ake ba na'ura umarni da shi. Harshen ba a yi shi don irin na'urarta ba, sai ta sa wata manhaja a tsakani. "Tafinta ce, Mama," ta ce. Ginin awa shida yake ci, kuma kullum sai jan rubutu ya cika allon, a koma farko.

Ran nan ya wuce inda ya saba tsayawa. Auta ta shiga wanka tana waƙa. Mama ta zo neman soket, ta ga ba kowa a kujera, ta zare filogin kwamfutar ta jona dutsen guga.

"Mama! Awa biyar fa!"

"To uwata, zo ki dake ni. Abin da ba a ci, ba a sha."

Auta ta saɓi jaka. "Na tafi wurin Dogo. Tasa kwamfutar ba ta da uwa mai guga."

Ko a dawo lafiya Mama ba ta ce mata ba.

Bayan sati biyu Dogo, abokin aikin Auta, ya zo gaisuwa. Mama ta ajiye masa kwamfutar.

"Ɗana, tsakaninka da Allah. Da ban zare ba, da ta fita?"

Ya tayar da ginin, suka zauna. Dab da ƙarshe jan rubutu ya fito.

"Kin gani, Mama? Manhajar da ke gadin na'urar ce. Duk abin da tafintar ta haɗa, sai ta ɗauka ɓarawo ne, ta kulle. Ko ba ki taɓa ba, zai rushe. Dole ta zo wurina."

"Amma da sai bayan awa ɗaya, ko?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

Kafin ya tafi ta sa ya maimaita bayanin, ta naɗi muryarsa a wayarta. Rabinsa ba ta ganewa. Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan zafi, takan zauna a bakin gado ta saurare shi sau ɗaya.