Ranar da Majalisa Ta Karrama Mai Fenti

Shekara goma sha tara Malama tana koya wa manyan mata karatu a wani tsohon sito bayan tashar mota. Ita ta kafa ƙungiyar, ita ke share ajin, ita ke bin ɗalibai gida-gida in ƙafarsu ta ɗauke. Ƙaninta kuwa, wanda ake kira Mai Fenti saboda masana'antarsa, bara ya waiwaye su. Ya gina wa jami'a ɗakin karatu, ya aiko wa ƙungiyar yayarsa kujeru da sabon rufi.

Shi majalisar dokoki ta kira don karramawa.

Aka zaunar da shi kusa da kakakin majalisa. Ita kuma ɗan sandan ƙofa ya duba katinta, ya nuna mata benen 'yan kallo. Daga can take hango sanƙonsa yana ƙyalli. Wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce wannan bawan Allah ya fitar da ɗaruruwan mata daga duhun jahilci. Zauren ya ɗauki tafi. Malama ba ta tafa ba. Mutumin da ko sunan ɗaliba guda bai sani ba!

Matar da ke gefenta ta ce, "Kin san shi ne?"

"Tun yana fitsarin kwance."

Da aka fito haraba, ya kutso ta cikin masu ɗaukar hoto. "Yaya! Ina kika shige? Riƙe min wannan in gaisa da kakaki." Ya danƙa mata lambar yabo ta gilashi da aka ba shi. Ta tsaya a rana rungume da gilashin, mutane suna ture ta don su isa gare shi.

A mota ya ce, "Na so a ambaci sunanki."

"Ka faɗa musu?"

Ya sosa ƙeya.

"Bar shi, Auta. Ni ba don yabo nake yi ba." Ta juya tana kallon titi. Sai da suka wuce shataletale biyu ta ce, "Ƙarya nake. Ina so. Tun safe nake jin kamar in shaƙe ka."

Ya yi dariya, ya ga ba wasa a fuskarta, ya haɗiye. "To ki tafi da lambar yabon ofishinku mana."

"Da sunanka a jiki?"

Ta sa direba ya sauke ta a tasha. Sati uku yana kiranta ba ta ɗauka. A na huɗu ta ɗauka, ta tambayi lafiyar yara, ba wanda ya tayar da maganar.