Tagar da Malam Tahiru Ya Toshe

A bayan gidan Malam Tahiru, a unguwar Birni, akwai ɗaki guda da ɗalibai mata shida na jami'a suke kwana a ciki. Da can yana da taga mai kallon lungu. Ranar da mahaifin Raliya ya kawo ta daga Damagaram Takaya, ya dubi tagar, ya dubi samarin da ke shan shayi a ƙarƙashinta, ya ce, "Amana na ba ka, Malam. Wannan kuwa ban yarda da ita ba." Kashegari Tahiru ya kwaɓa laka da hannunsa ya toshe ta, ya shafe da siminti. 'Yan unguwa har yaba masa suka yi.

Yanzu ga Raliya kwance a asibiti, an ce tarin fuka ne.

Da hantsi Safiya, ma'aikaciyar jinya, ta zo ganin inda yarinyar ke kwana. Ta tura ƙofa, ta ɗan ja da baya. Katifu shida ne a jere, jiƙaƙƙun kaya a igiya, risho a kusurwa.

"Baba, ta ina iska ke shiga nan?"

"Ta ƙofa," in ji Tahiru.

"Ƙofar da muke rufewa saboda awakinka," in ji Wasila, wadda katifarta ke manne da ta Raliya. Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Safiya ta ce ƙwayar cutar tana fita ne idan mai ita ya yi tari, ta daɗe tana yawo a ɗakin da iska ba ta ratsawa, na kusa yana shaƙa. "Gobe su biyar ɗin su zo a auna kakinsu. Bangon nan kuma a fasa shi yau."

Kafin azahar Tahiru ya fasa. Yana dukan simintin yana tambayar kansa ko mutum zai iya riƙe amanar uba ɗaya ya ci ta sauran iyaye biyar bai sani ba. Mahaifin Wasila manomi ne a Durum, bai nemi komai ba, cewa kawai ya yi a kula masa da ita.

Yana kakkaɓe hannu Wasila ta same shi a zaure.

"Baba, don Allah kada ka gaya wa babana. In ya ji, gida zai mai da ni, ga jarrabawa saura wata guda. Wataƙila mura ce."

"Tun yaushe kike tarin?"

Ta sunkuyar da kai. "Sati uku."

Ya daɗe yana juya wayarsa a hannu. In ya yi shiru ya ɓoye wa uba ciwon 'yarsa, kuma ya san shirun zai rufa wa shi kansa asiri. Wannan ne ya fi tsorata shi.

"Zauna nan, ki ji abin da zan faɗa," ya ce. "Da laifina zan fara."

Ya danna lambar mahaifinta. Wayar ta shiga, tana ta ƙara, ba a ɗauka ba tukuna.