Rubutu Mai Ƙaya

Ƙungiyar matan Gangara ta ba Rufaida kekunan ɗinki uku bisa sharaɗi guda: kafin Juma'a ta samo mutum goma masu son koyo, in ba haka ba a kwashe kekunan a kai wani gari. Rufaida kuwa ko gaisuwa sai kai a sunkuye, balle bin gidaje tana shela. Sai ta hau kabu-kabu zuwa Agiye, wurin yayanta Ɗantala mai buga takardu.

"Yaya, sanarwa nike so, wadda kowa zai iya karantawa."

"Zauna ki ga aiki, 'yar ƙauye."

Ya zaɓo wani rubutu baƙi wuluk, mai kauri, kowane harafi da ƙayoyi kamar reshen aduwa. Sunanta da ya zauna a sama, manya-manya, ya yi kwarjini. Amma layukan ƙasa, inda aka faɗi rana da wuri, sun cunkushe kamar tururuwa a kan sukari.

"Yaya, ni fa ban iya karanta na ƙasan."

"Ke da kika tsaya aji huɗu a lakol? Gotik ake ce mishi, rubutun manya ne."

Ta kwashi takardun ta koma Gangara. Ranar kasuwa ta raba su, ta rage guda.

Litinin shiru, Talata shiru. Ranar Laraba Rufaida ta share rumfar ɗinkin, ta goge kekuna, ta zauna har azahar, ko akuya ba ta leƙo ba. Haushi ya kai ta gidan maƙwabciyarsu Inna Habi, mai jikoki mata uku. Tana shiga ta hango takardar a linke, an soke ta a saman ƙofar ɗaki.

"Inna, mi takardata take yi can?"

"Addu'ar da kika raba? Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Na hana yaran nan taɓa ta ba alwala."

"Inna, tallar ɗinki ce fa!"

"Talla? Da wanga rubutu irin na allon malam? Ai maƙwabciyata Safina ma cikin rumbu ta sa tata, don gero shi yi auki."

Rufaida ta koma gida kamar ta fashe da kuka. Ta ɗauki almakashi ta yanke sunanta daga takardar da ta rage, ta manna a ƙofar rumfa, inda ake hango shi tun daga bakin rijiya. Sauran ta jefar. Sannan ta zura hijabi ta shiga bin gidaje, tana faɗa da baki.

Ranar Juma'a shugabar ƙungiya ta ƙirga 'yan mata tara, ta sake ƙirgawa, tara. Ta waiwaya za ta kira mai amalanke ya kwashe kekunan.

Inna Habi, da ta rako jikokinta, ta ture su ta zauna a gaban keke.

"Rubuta ni, Hajiya. Amma wani shi riƙa sa mini zare, idona ya tafi."

Takardar kuwa har yau tana saman ƙofarta. Ta ce ba ta saukewa.