Hoton Gauraka

Lukuman mai hoto ne a Gwandu, kuma ya iya aikinsa. Ango ya gyara hula, amarya ta ɗaga haɓa, kowa ya kalli nan: shekara goma sha ɗaya ke nan yana ba mutane umarni suna bi. Abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne ɗaukar abin da ba ya jin magana.

Mahaifinsa, Malam Zubair, makiyayi ne tun tasowarsa a wajen Wurogauri, can ƙasar Kalgo. Da ɓarin jikinsa ya shanye sai aka dawo da shi gidan Lukuman, shanun kuma suka koma hannun ƙanensa Hassan. Wata huɗu tsohon na kwance ya juya wa ƙofa baya. Dibora, malamar asibitin da ke zuwa duba shi, ta gaya wa Lukuman gaskiya: ƙafar da sauran ranta, amma in bai fara taka ta cikin 'yan makonnin nan ba, ta sandare ke nan. An yi lallashin, an yi faɗan, sandar da aka sayo masa tana nan jingine da bango.

Shi dai tsohon cewa yake ya tashi ya je ina? Ya ji labarin masu noman rani sun ja wa tafkin da yake shayar da shanu magudana, sun sa mata ƙofar ƙarfe, har gauraka ma sun daina sauka. Wurin da ya sani ya mutu.

Maganar ta tsorata Lukuman ƙwarai. Ya ƙudura a ransa zai kawo wa mahaifinsa hoton gauraka a bakin tafkin nan, ko zuciyarsa ta motsa.

Ya tafi kamar yadda yake zuwa biki: farar shadda ta sha guga, ga turare, ga babur mai ƙara. Gaurakan kuwa suna nan, guda biyu, suna kiwo kusa da ƙofar ruwan. Ya ɗaga kyamara, sai bakinsa ya riga hankalinsa: "To, a kalli nan." Tsuntsayen tafkin gaba ɗaya suka tashi sama, har da kirinjijiyar da ba ruwanta. Kwana uku yana zarya, abin da ya samu bai wuce ruwa da ƙafafun tsuntsu a gefen hoto ba.

Rana ta huɗu ya iske Hassan ya koro shanu. Baffan nasa ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Ɗan birni ke nan. Tsuntsu mutum yaka gudu, ba shi gudun saniya. Tuɓe wagga riga."

Ya ba shi tsohuwar riga mai warin hayaƙi da malafa, ya ce ya sunkuya a tsakiyar garke, ya bi tafiyar shanu, kuma don Allah ya rufe baki. Lukuman ya shiga. Laka ta cinye masa takalmi ɗaya, wata saniya ta shafa masa jela a fuska, bai ce uffan ba. Belbelu suna sauka dab da shi kamar ba kowa. Shanu suka tsoma baki a ruwa, ga gauraka nan kusa, tukkunsu na sheƙi a hantsi. Namijin ya buɗe fukafukai ya yi tsalle. Lukuman ya danna kyamara.

Da la'asar ya wanke hoton babba, ya durƙusa gaban shimfiɗar mahaifinsa. "Baba, duba. Suna nan."

Tsohon ya karɓa da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kallo. Lukuman na jiran ya ga hawaye, sai ya ga fuska tana haɗewa. Ashe ba gauraka yake kallo ba, shanun da ke bayansu yake bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Wa yac ce ma Hassan shi shayar da su ta gabas?" in ji shi. "Wajen nan matsattsaku ne. Shekara arba'in ban bari saniyata ta sa baki nan ba."

Lukuman ya ce bari ya kira Baffa a waya. Tsohon ya ce Hassan ba ya jin magana sai an nuna masa da hannu. Ya dafa gado, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa.

"Mi kaka kallo? Miƙo min sandar can."

Taku uku ya yi ran nan, daga gado zuwa bakin ƙofa, yana yi wa Hassan faɗa duk tsawon hanyar kamar yana gabansa.