Yashin Kyauta

Direban tipa mutum ne mai son a yaba masa, wannan kowa ya sani. Shekarar da kogi ya fara cin gaɓar lambun yayarsa, ta zo tana kuka rabin albasarta ya bi ruwa, sai ya bugi ƙirji ya ce ta bar masa komai.

A kamfanin haƙar ma'adinai inda yake aiki akwai tsibin yashi a bayan injin wanke dutse, toka-toka, mai laushi kamar gari. Shugaban ma'aikata ya sha gargaɗin kada ko cokali ɗaya ya fita daga shingen. Direba ya ɗauka rowa ce kawai irin ta masu kamfani. Shi da ya yi furfura a kan ɗaukar yashi, wa zai koya masa yashi? Ya yi ta satar hanya yana jibge shi a bakin kogi har gaɓar ta tsaya. 'Yan unguwa suka yi ta sa masa albarka, gogan naka har da gyara zaman hula.

Damina ta zo ta yi ta zaizayar yashin tana zubawa cikin ruwan da ake sha. Kifi ne ya fara tasowa ciki sama. Daga baya autar yayar, yarinyar da bakinta ba ya hutawa, ta daina magana, ta fara suma tana jijjiga.

A asibiti likita ta ce gubar dalma ce a jininta.

"Magani zai taimaka," ta ce, "amma in ta koma wa abin da ya kawo ta, aikin banza muke yi. Kun san daga ina yake?"

"Ina za mu sani, likita?" in ji yayar. "Kamfanin yana can nesa, ruwansu bai zuwa wajenmu."

Direba na tsaye a gefen gado riƙe da ledar lemo. Ya sani sarai. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya ajiye ledar ya fice yana tsanar kansa.

Washegari da safe ya kai tipa bakin kogi, ya hau kwashe yashin da shebur. Yayar, da ta dawo ɗaukar wa yarinya kaya, ta hango shi, ta rugo ta riƙe ƙotar.

"Kai, lafiyarka ƙalau? Da me zan ji, da 'yata ko da lambu?"

"Yaya, sakar min."

"Ba zan saki ba! Wannan ne kaɗai alherin da muka gani bana, kuma daga hannunka ya fito."

Can ƙasa kaɗan mata na cika bokitai suna hira. Direba ya kasa ɗaga ido.

"Yaya," ya ce a hankali, "je ki ce musu su zubar da ruwan nan."

Ta dubi matan, ta dubi yashin da take tsaye a kai, sannan ta dube shi. Ta saki shebur ɗin. Ta goge tafin hannunta da zani, ta sake gogewa.