Mu Jira Wata Tara

"Inci arba'in da ɗaya."

Na sake zagaya tef ɗin a ƙugun Yaya, ko dai ni ce na yi kuskure. Ban yi ba. Wata uku da suka wuce talatin da shida na auna, da hannun nan nawa.

"Ki buɗa siket ɗin kawai, Auta, ban da surutu," in ji ta.

"Yaya, ai ba sauran abin buɗawa. Wannan cikin naki ya cinye rarar yadin kaf."

Mata biyu da ke jiran ɗinkinsu a kan benci suka ɗago kai. Ɗaya ta tsura wa cikin ido, sannan ta zunguri 'yar'uwarta. A shagona maganar ta fara, kuma har gobe ban yafe wa bakina ba.

Yayata malamar tarbiyya ce a makarantar addini ta 'yan mata. Mijinta ya tafi neman arziki shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni na raɗa masa suna Ina-Nan-Tafe, don abin da ya riƙa faɗa ke nan a waya, kafin wayar ma ta ɗauke. Bai dawo ba, bai aiko ba, bai sake ta ba. Yaya ta zauna ta kama kanta, ko gaisuwar namiji ba ta ja da tsawo. Duk ranar yaye ɗalibai sai Shugaban makaranta ya nuna ta: "Ku dubi Malama! Haka matan kirki na dā suka yi, waɗanda muke karantawa a littattafai." A yi ta tafi. Amma ko sau ɗaya ba wanda ya tashi ya ce a nemo mutumin nan, ko a raba auren ta huta. Haƙurinta ya yi musu daɗin wa'azi.

Da matan suka fita na tura ƙofa.

"Yaya, tsakaninki da Allah..."

Kallon da ta yi min ya sa na haɗiye sauran. Ta ɗauki mayafinta ta fice. Washegari ta dawo ta ce in raka ta asibiti.

* * *

Ƙari ne a mahaifa, ba ciki ba. Likita ta nuna mana shi a hoton da aka ɗauka, wani dunƙule fari-fari a cikin duhu. Ta ce jinin Yaya ya yi ƙasa sosai, a yi aiki cikin watan nan, in an hanzarta za a iya cire ƙarin a bar mahaifar. Wallahi a hanya har dariya nake yi don murna. Cuta ce, amma ta wanke mu.

Ashe sauri na yi. Kafin mu kai wa makaranta hoton, zance ya riga mu isa.

Mutum uku muka tarar a ofis: Shugaba da dattawan kwamiti biyu. Yaya ta miƙa hoton da takardar likita da hannu bibbiyu. Ɗaya dattijon ya riƙe hoton a kife, ya ɗaga shi saitin taga, ya ɗora yatsa a kan dunƙulen.

"Wannan ba kai ba ne? Ni dai irin wannan hoton na gani lokacin da surukata ke da ciki."

"Baba, ƙari ne! Ga rubutun likita nan!" na ce.

"Yarinya, takarda kuma a zamanin nan?"

Shugaba ya yi gyaran murya. Bai kalli Yaya ba, biron gabansa yake ta juyawa.

"Malama, mu ba mu zarge ki ba, Allah ya kiyaye. Amma 'ya'yan mutane ne a hannunmu, kuma darasin kamun kai kike koyarwa. Ki ɗan huta a gida. Mu jira wata tara. In ba a ga komai ba, kujerarki na nan."

"To, Malam. Na gode," in ji Yaya.

Godiya fa! Ji na yi kamar in kifar da teburin.

A gida na fara haɗa mata kayan asibiti, ta riƙe min hannu.

"Ba za a yanka ni yanzu ba."

"Kin ji dai abin da likita ta ce."

"Auta, in na shiga asibiti da ciki na fito babu, me za su ce na je yi?"

Na ajiye kayan. Ta yi ɗan murmushi.

"Na jira shekara goma sha ɗaya. Wata tara ne zai gagare ni?"

* * *

Haka ta shiga jira. Kullum da yamma sai ta fitar da kujera ƙofar gida ta zauna, lokacin da ake tashi daga aiki, don masu wucewa su shaida cikin yana nan, ba a taɓa shi ba. Ɗalibanta na dā sukan tsallaka ɗaya gefen titi. Ni ke wanke zannuwan gadonta, ni na san jinin da take zubarwa. Tafin hannunta ya koma fari fat. Innarmu kuwa ta daina fita, sai ta shige ɗaki ta tura ƙofa, muka ce baƙin ciki ne.

A wata na biyar waya ta yi ƙara. Ina-Nan-Tafe ne. Shekara da shekaru saƙonmu bai taɓa samun sa ba, amma gulma ta san adireshinsa. Bai tambayi lafiyarta ba. Ya ce ya ji komai, ya sawwaƙe mata, ya kashe wayarsa. Yaya ta ajiye wayar a hankali, ta ce, "Muryarsa ta tsufa."

Wata tara ya cika, muka ƙara biyu don kada a ce mun yi gaggawa. Na riƙe ta muka hau matattakalar makaranta tana haki. Ta tagar ajinta muka hango wata sabuwar malama tana rubutu a allo.

"Malam, ga ni. Ga shi kuma, yana nan," in ji Yaya.

Shugaba ya shafa gemu. Ya ce shi kam ya gamsu, amma iyayen yara sun ce sun ji wani cikin yakan kwanta ya yi shekaru. Ya ce a ƙara haƙuri, Allah yana tare da masu haƙuri.

Ban zage shi ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan har yau, ko zagin ma ban iya ba.

* * *

Bayan kwana shida, da hantsi, ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Likita ta ce an makara, yanzu sai dai a cire mahaifar gaba ɗaya, gobe da safe.

Na ruga gida ɗauko zannuwa. Namu duk sun ɓaci, sai na sungumi akwatin Inna na kawo shi ɗungum. A gefen gadon Yaya na buɗe, Inna na zaune a wurin, ina zaro zani wani ƙulli ya faɗo ya warware.

'Yar hular ulu ce ruwan ƙwai, da safa guda biyu, kowacce ba ta fi babban yatsana ba. Na san saƙar Inna ko a ina na gan ta. Ashe abin da take yi ke nan a bayan ƙofa.

Inna ta sunkuyar da kai.

"Na ce ko da dai... kada ya zo duniya ya tarar ba wanda ya tanadar masa komai. Shi ai bai yi laifi ba."

Na kai hannu zan ɓoye, Yaya ta riga ni. Ta juya hular ta duba cikinta, ta duba bayanta.

"Wata nawa kika yi kina saƙawa, Inna?"

"Tun ranar da kuka kawo hoton."

"Ta yi kyau," in ji Yaya.

Ta ɗora hular a kan tudun cikinta, ta riƙa lallashe ta da tafin hannu. Tana nan a haka har ma'aikaciyar jinya ta shigo da takardar da za ta sa wa hannu.