Jan Fenti a Bangon Inna

Shekara tara ke nan Inna Riskuwa, kakata, ba ta gani, amma ba ta taɓa neman a ja mata hannu ba. Tsohon soronmu na Birnin Kebbi, wanda kakan mijinta ya gina tun kafin zuwan Turawa, ta san shi da tafin hannu. Daga ɗakinta zuwa zaure akwai wani layi mai santsi a jikin bango, inda take shafawa tana tafiya.

Baffa Labbo ya gama magana da wani ɗan kasuwa. Za a rushe soron a jera shaguna, mu kuma mu koma gidan siminti a unguwar Nasarawa. Ran Talata wasu mutane suka zana jan fenti a bangon zaure. Baffa ya kira ni gefe.

"Sadatu, kar ki hwaɗa mata. Sai ranar tashi."

Na ce to. Ban iya musu da babba ba. A lokacin har na ɗaure kayana, don bayan Sallah zan tafi Argungu wurin Gwaggo Asiya in koyi keken ɗinki.

Kwana uku ina kewaye da ita. Duk ta nufi zaure sai in ce ga fura, ko in ce rana ta yi zafi.

"Ke 'yar nema, yaushe kika zama dogarina?" in ji ta. "Kauce."

Ta bi layinta a hankali. Sai hannun ya tsaya. Ta murza wurin, ta kai yatsa hanci.

"Wanga ba ƙasa ba ce. Mi an ka shafa?"

Na dubi ƙofa, babu kowa. Na gaya mata komai.

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko bangon sabon gidan yana da lungu irin wannan. Na ce a'a, sumul yake, ɗakunan duk iri ɗaya.

Sannan ta ɗauke hannu daga bangon, ta laluba har ta sami kafaɗata.

"To mu tahi. Gara in saba tun yanzu."

Na kai ta bakin rijiya, na kai ta ɗaki. Hannunta ba nauyi, amma bai sauka ba. Da la'asar, tana salla, na kwance ƙullin kayan Argungu na mayar da su cikin kwallar da nake ajiye tufafina.